Shin Lantarki Zai Hana Halittun Teku Toshe Bututun Jirgi?

Tambaya: Ni ne mai kula da injin wani matsakaicin jirgin ruwa da ke aiki a teku. Duk bayan 'yan watanni injin yakan fara zafi fiye da kima, idan muka kwance matacin ruwa da bututun sanyaya sai mu tarar ƙananan halittu masu ɓawo sun cika su. An ba ni shawarar sanya na'urar da ke maganinsu da wutar lantarki. Yaya take aiki, kuma za ta kawar da waɗanda suka riga suka manne?

Amsa: Malam, bari in fara da ƙarshen tambayarka, domin a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Wannan na'ura rigakafi ce, ba ta ɓamɓare abin da ya riga ya kama. Halittun da kake gani suna shigowa ne tun suna 'yan mitsi-mitsi waɗanda ido ba ya gani, su bi ta ramukan mataci, su sami bango mai ɗumi inda ruwa ke kawo musu abinci dare da rana, sai su manne su fara gina ɓawo. Da zarar ɓawon ya yi tauri, sai dai a kankare ko a wanke da sinadarin narkar da shi. Saboda haka sai an tsaftace bututun sarai kafin a kunna na'urar.

Irin wannan na'ura tana aiki ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Hanya ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce ta sandunan ƙarfe guda biyu da ake kira anod. Ana kafa su a akwatin da ruwan teku ke fara shiga jikin jirgi, ko a kan murfin mataci, sannan a tura musu ƙaramar wuta mai tafiya hanya ɗaya daga akwatin sarrafawa. Sanda ta farko jan ƙarfe ce, tana narkewa a hankali cikin ruwan da ke wucewa, kuma abin da ake nema bai wuce miligiram 2 a cikin lita 1,000 ba. Wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya sa 'ya'yan halittun su ƙi zama, ruwa ya wuce da su waje. Sanda ta biyu maganin tsatsa ce: alminiyam idan bututun na baƙin ƙarfe ne, baƙin ƙarfe kuma idan bututun haɗin jan ƙarfe da nikel ne.

Ana iya lissafa komai a nan, domin tun shekarun 1830 masanin kimiyya Michael Faraday ya nuna cewa yawan ƙarfen da ke narkewa yana bin yawan wutar da ta wuce. Amfiya 1 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana) tana narkar da kimanin giram 1.2 na jan ƙarfe a awa, wato kusan kilo 10 a shekara. Idan famfonka yana jan lita 100,000 a awa, abin da kake buƙata giram 0.2 ne a awa, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na amfiya zai ba ka shi. Wanda ya ƙara wuta bisa tunanin ƙarin kariya, sandarsa kawai yake cinyewa kafin lokacin fitar da jirgi gyara, yana kuma zubar da jan ƙarfe a teku ba gaira ba dalili.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, cinyewar sandar ita ce aikin kansa. Idan ka buɗe bayan shekara ka tarar da ita sumul kamar sabuwa, kada ka yi murna, ka nemi wayar da ta tsinke. Tarihi ya nuna wannan: a 1824 masanin kimiyya Humphry Davy ya liƙa tutiya da baƙin ƙarfe a jikin farantan jan ƙarfen da suka lulluɓe jiragen yaƙin Ingila domin kada su lalace. Farantan sun daina narkewa, amma sai ciyawar teku da masu ɓawo suka lulluɓe jiragen, domin dama narkewar ce take korarsu. Wannan kuma shi ya sa tubalan tutiya da ke ƙarƙashin jirginka ba za su taimaka maka ba. Aikinsu hana tsatsa ne kaɗai.

Hanya ta biyu ba ta narkar da ƙarfe. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, sai a bi da shi ta tsakanin faranta na taitaniyam masu wuta, gishirin ya koma sinadarin kulorin irin na bilic, a riƙa tura shi mashigar ruwa. Tana da ƙarfi a kan yauƙi da gansakuka, amma tana son kulawa: tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta wadda dole a yi mata mafita, farar ƙasa tana taruwa a kan farantan, kuma idan kulorin ya yi yawa yakan ci bututu da robobin haɗi. Idan jirgin ya shiga kogi kuma, gishiri ya ragu, aikinta yakan yi rauni ƙwarai.

Akwai wurare biyu da nake jan kunne a kansu. Idan jikin jirginka ko bututunsa na alminiyam ne, kada ka kusanci sandar jan ƙarfe ba tare da amincewar maƙerin jirgin ba, domin jan ƙarfen da ya narke yakan zauna a kan alminiyam ya haƙa masa ƙananan ramuka har ya huda. Idan kuma kana tace ruwan sha daga teku da na'urar da ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata, kulorin yana lalata wannan fatar, don haka a raba mashigarta.

Ga matsakaicin jirgi irin wanda ka kwatanta, idan bututunsa na baƙin ƙarfe ne, ni sandunan jan ƙarfe da alminiyam zan zaɓa, saboda sauƙin kulawa. Ka riƙa rubuta adadin wutar kowace sanda kullum, ka rage ta a layin da famfonsa ke kashe, kuma duk bututun da ruwa ke kwanciya a ciki, kamar na famfon kashe gobara, ka riƙa kunna shi lokaci-lokaci domin ruwan da aka yi wa magani ya ratsa shi.