Kotu ta ba ni gaskiya, amma har yau ban ga kuɗina ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ina sayar da shadda da atamfa a Kasuwar Sheikh Gumi. Wani da muka daɗe muna hulɗa ya ɗauki kayan naira miliyan 3 da dubu 400 a kan zai biya bayan Sallah, shiru har shekara ta zagayo. Na kai shi ƙara, kotu ta ce ya biya ni. Yau wata 4 da hukuncin, ko sisi bai ba ni ba, har ma ya aiko a gaya mini in je kotun ta biya ni. Yana da shago a Kasuwar Barci, yana hawa motarsa. Wasu sun ce in kai shi wurin 'yan sanda. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya fid da kai.

Kotu ba ta bin mutum gida ta karɓo kuɗi don raɗin kanta. Alƙali ya gama nasa ranar da ya karanta hukunci. Abin da ya rage ana kiransa zartar da hukunci, kuma sai kai mai bin bashi ka koma ka nema a rubuce, ka biya kuɗin rajista, sannan ka nuna wa ma'aikatan kotu inda dukiyar mutumin take. In ka zauna jira, fayil ɗinka ma zai zauna jira a kabad. Mutuminka ya san haka, shi ya sa bakinsa ya buɗe.

Batun 'yan sanda ka ajiye shi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma kotuna sun sha faɗa cewa 'yan sanda da EFCC ba 'yan karɓar bashi ba ne. In ka sa aka tsare shi, lauyansa zai shigar da ƙarar tauye haƙƙi, ka wayi gari kai ake bi diyya. Haka ma ɗaukar samari a je a kwashe masa kaya: hukuncin da ke hannunka bai halatta maka wannan ba.

Ba ka faɗi kotun da ta yi shari'ar ba. In Babbar Kotun Jiha ce, ko majistare da ya zauna a matsayin alƙalin kotun gunduma, dokar Sharif (wato dokar jami'an kotu masu zartar da hukunci) da ƙa'idojin zartar da hukunci na tarayya ne ke aiki, kuma a kansu zan yi bayani. In kotun shari'ar Musulunci ce, tana da nata tsarin, ka koma gaban alƙalin da ya yi hukuncin ka nemi a zartar. A fiƙihun Malikiyya alƙali na da ikon sayar da dukiyar mai taurin bashi, da tsare wanda ake zargin ya ɓoye abin hannunsa, amma wanda talaucinsa ya tabbata ana saurara masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarta.

Fara da karɓar kwafin hukuncin mai hatimi daga magatakarda, ka sa a karanta maka shi a tsanake. Wani alƙalin yakan ba da wa'adi, wani yakan ce a biya kashi-kashi. In haka ne, sai wa'adin ya cika ko ya tsallake biya kafin ka motsa.

Daga nan aikin da ya fi kowanne muhimmanci naka ne, ba na lauya ba: gano inda kuɗinsa suke kwana. Kai ɗan kasuwa ne, kun daɗe tare. Duba wayarka, tsofaffin alat ɗin da ya taɓa turo maka daga wane banki suka fito? In ya taɓa ba ka cak, sunan bankin na jiki. Aika yaron da bai sani ba ya sayi yadi biyu a shagonsa ya ce zai yi tiransifa, lambar asusun da ke manne a jikin kanta da sunan da ya fito a risit sun ishe ka. Kada ka tsaya kan manyan bankuna kaɗai, 'yan kasuwa da yawa yanzu cinikinsu na yini a Moniepoint ko OPay yake sauka. Duk wannan a yi shi baki alaikum. Mai kurin "wallahi sai na sa an rufe maka asusu" ya ba abokin shari'arsa sanarwa kyauta, kafin takarda ta fito an kwashe kuɗin an zuba a asusun ƙanin matarsa.

In ka samu asusun, hanyar da na fi so ita ce wadda lauyoyi ke kira ganishi, wato kotu ta umarci wanda ke riƙe da kuɗin mutumin ya miƙo maka su. Sashe na 83 na dokar Sharif ne ya tanade ta. Lauyanka zai shigar da buƙata da takardar rantsuwa ba tare da an sanar da wanda ake bi ba, alƙali ya ba da umarnin farko na wucin gadi. Da zarar an miƙa wa banki umarnin, kuɗin da ke asusun sun ɗauru gwargwadon bashin. Doka ta ce a kai wa banki da shi mutumin takardar aƙalla kwana 14 kafin ranar zama, lauya mai wayo kuma yakan tabbatar banki ya riga shi karɓa. Ranar zama banki zai bayyana abin da ke asusun, in babu wata hujjar hanawa a mai da umarnin tabbatacce, a biya ka.

Tana da nata cikas. Abin da aka tarar shi ake kamawa, in naira dubu 12 ce a ciki ita za ka samu. In banki ma na bin sa rance, zai ce a bari ya fara cire nasa. Sunan da ke kan hukunci kuma dole ya zo daidai da na asusun: in mutumin ka yi ƙara, kuɗin kuwa suna asusun kamfaninsa mai rajistar "Limited", a idon doka mutum biyu ne daban. In sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wannan shi da shagon abu ɗaya ne. Wasu lauyoyin kan jera bankuna ashirin ko Allah zai sa a dace; alƙalai ba sa son wannan lalube, kuma kai za ka biya kuɗin kai wa kowane banki takarda. Ba banki kaɗai ake yi wa ganishi ba, duk wanda mutumin ke bi kuɗi tabbatattu ana iya jawo shi, muddin yana cikin jihar, kamar ɗan hayar da kuɗin hayarsa ya cika bai biya ba.

Tunda ka ce yana da shago da mota, akwai takardar kame kaya, wadda ake kira fifa. Ana iya neman ta bayan kwana 3 da hukunci. Belif, wato ma'aikacin kotu mai kame kaya, zai zo da rakiyar 'yan sanda (a nan ne suke da hurumi, tsaro kawai), ba ranar Lahadi ko ranar hutun gwamnati ba, ba kuma kafin shida na safe ko bayan shida na yamma ba. Zai tsaya tsakiyar shago da biro da takarda yana ƙirga turame, maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin layi, a loda kaya a kai harabar kotu. Ba a sayarwa sai bayan kwana 5, sai fa kayan da ke lalacewa. Sau da yawa a cikin kwanakin nan biyar ne kuɗin da aka rantse babu suke fitowa, domin ɗan kasuwa ya fi tsoron idon kasuwa a kan alƙali. Doka ta hana taɓa tufafinsa da shimfiɗar iyalinsa da kayan sana'arsa, amma ƙimar da ta keɓe naira 10 ce, adadin da ya rage tun zamanin da naira 10 kuɗi ce.

Ka shirya wa abu biyu. Gwanjo ba ya kawo farashin kasuwa, kuma daga ciki za a fara cire kuɗin ɗawainiya. Sannan a ranar za ka ga masu kaya sun fito: uwargida da risit ɗin firji, wani ɗan'uwa da takardun mota da sunansa, wani dila daga Kano ya ce shaddar tasa ce ya ba da a sayar masa. Kotu za ta dakata ta saurare su, in suka tabbatar a mayar musu. Don haka kafin ka nuna motar, ka binciki sunan da ke kan takardunta.

Gida ko fili ba a taɓa su sai kayan ɗauka sun kasa biya, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke ba da wannan izini ko da a ƙaramar kotu aka yi hukuncin. Binciken mallaka a KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, ake yi. Hanya ce doguwa, a bashin miliyan 3 ba na fara ta sai dole.

In ka lalube ko'ina ba ka ga komai ba, a nemi sammacin bin hukunci. Za a kawo shi gaban alƙali ya rantse, a tambaye shi abin da ya mallaka da abin da yake samu. Alƙali na iya yanka masa biyan wata-wata. In ta bayyana yana da hali ya ƙi, ko ya karkatar da dukiya don ya guje maka, ana iya tura shi gidan yari na ɗan lokaci, zaman kuma ba ya goge bashin. Talauci kaɗai ba ya kai mutum kurkuku.

Idan matsin ya sa ya aiko dattawan kasuwa da tayin rabi yanzu, saura a wata shida, kada fushi ya sa ka kore su. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sai dai a rubuta, a samu mai tsaya masa wanda ke da abin hannu, a kai kotu ta amince, ta yadda in ya saɓa za a ci gaba daga inda aka tsaya.

Zai iya ce maka ya ɗaukaka ƙara. Ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta tsayar da zartarwa, sai ya nemi umarnin dakatarwa; in ya shigar da wannan buƙatar, a jira kotu ta yanke a kanta, kuma lauyanka ya roƙi a sa shi ya ajiye kuɗin a hannun magatakarda. In dukiyarsa na Kano ko Abuja, ana karɓar takardar shaidar hukunci a nan a yi mata rajista a kotun can. Game da lokaci, kana da shekara 6 daga ranar hukunci don kame dukiya, shekara 2 don matakin da ya shafi jikinsa, bayan haka sai da izinin kotu. Kada wannan ya ruɗe ka, wata 4 ma sun isa a canja sunan shago. Ka je wurin lauya a makon nan da kwafin hukuncin, da lambar shagon, da lambar motar, da duk alat ɗin da ya taɓa turo maka.