Amsa a gurup ɗin gida kan takardar gwajin kitsen jinin Baba

Assalamu alaikum. Yaya Hajiya na ga hoton takardar gwajin Baba da kika turo, da tambayar da kika yi wai tunda sun rubuta komai lafiya lau ko ya ajiye maganin kitsen nan. Don Allah kar ya ajiye, bari in miki bayani.

Ki duba layin da aka rubuta LDL, shi ne kolestarol ɗin da ke taruwa a jikin jijiya har ya toshe ta, nasa 2.9 ne a ma'aunin mmol/L. To iyakar da suka buga a gefen takardar ta mutumin da bai taɓa samun bugun zuciya ba ce, Baba kuwa ya riga ya samu, lissafinsa daban ne. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai tun 2019 ta ce irin su Baba a saukar da shi ƙasa da 1.4, wato 55 idan wurin gwajin da mg/dL suke rubutawa, kin ga nasa ya ninka hakan ma. Kuma abin da manyan bincike suka nuna, duk saukar da aka samu ta 1.0 a wannan lambar, haɗarin sake bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, wallahi ba ƙaramin abu ba ne.

HDL ɗin, wato wanda ake kira kolestarol mai kyau, da kika ce ya yi kyau, alhamdulillahi, amma kar mu dogara da shi, an gwada magungunan ɗaga shi ba su hana bugun zuciya ba. Triglycerides kuma, wato wani nau'in kitsen jini, in ya haura 1.7 a duba sugansa, a rage masa lemon kwalba da shayi mai sukari.

Akwai wani gwaji da nake so ku tambaya, Lp(a), wani nau'in kitsen jini ne da ke ƙara haɗarin bugun zuciya, shi gado ne, abinci ba ya canza shi sosai, sau ɗaya ake yi a rayuwa ya wadatar, kuma mu baƙar fata namu ya fi yawan hawa. In nasa ya hau to mu ƴaƴansa ma ya kamata mu yi.

Ranar ganin likita ku tafi da kwalin atorvastatin ɗin, wato maganin kitsen nasa, likitan ya ga milligram nawa Baba yake sha, ko 40 ko 80, ku faɗa masa gaskiya in yana tsallake kwana, don ni na san Baba. Mai yiwuwa ya ƙara masa wani maganin kitsen mai suna ezetimibe, sai a maimaita gwajin bayan sati 4 zuwa 6. In cinyoyinsa na ciwo, don maganin kan jawo haka, a gaya wa likita ya canza masa, ba ya daina sha da kansa a gida ba. Yaya ki sake turo min takardar hoton zuciyar, waccan ba ta fito sosai ba.