Tambaya da Amsa: Zaman Mako Guda a Jirgin Ruwa Mai Filafilai

Tambaya: An gayyace ni yawon mako guda a jirgi mai filafilai daga Legas, ni kuwa ruwan da na sani bai wuce tafkin Jabi ba. Wane aiki ke jirana kullum? Mai karatu daga Kubwa, Abuja.

Amsa: Malam, da sassafe a ɗaga katakon ƙasan jirgi a duba ruwan da ya taru. A ɗanɗana: in da gishiri, teku ce ke shigowa, a nemo kafar, in babu, tanki ne ke yoyo ko ruwan sama. Sai a duba man inji da batir.

Ruwan sha shi ne babban abu. A ware wa kowa lita 3 zuwa 4 na sha a rana. Kwanuka a wanke da ruwan teku, a ɗauraye da ruwan daɗi kaɗan.

Gas ɗin girki kuwa, don Allah a rufe shi daga kan tukunyar gas ɗin bayan kowane girki. Ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasan jirgi yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya isa.

Wajen kwana, a saki sarƙar anka (ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi) ninki 5 na zurfin ruwa, a lissafa da ƙarin zurfin da ake samu in teku ta cika. In ta gajarta, anka ba zai kama ƙasa ba, jirgi zai ja shi cikin dare.