Sunan da mahaifinka bai taɓa kira ba

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na kwana biyu ina juya shi kafin in amsa. Ka ce ranar sunan ɗanka ka ga Yaya, mahaifinka, ya karɓi jaririn yana dariya, yana cewa ga wanda ya zo ƙwace masa mata, alhali kai tun tasowarka ba ka taɓa jin sunanka a bakinsa ba, sai "kai" ko "yaron nan". Kana tambaya wace irin al'ada ce wannan, kuma ko ya taɓa ƙaunarka.

Kunyar ɗan fari ce. Lokacin da aka haife ka, ko jihar Kebbi ba a yi ba, sai 1991 aka cire mu daga Sakkwato. Innarka ta tafi goyon ciki gidansu, can ta haihu, can ta yi wankan jego na kwana arba'in. Ranar sunanka ni na kai rago da goro. Shi tun asuba ya sulale fadama, sai bayan isha'i ya shigo. Da aka yaye ka, ɗakin kakarka aka kai ka. A gidan gandu irin namu na Argungu, saurayin jiya ba ya tsayawa gaban iyayensa yana nuna ɗa nasa ne, rashin kara ke nan. Ɗan na gida ne duka. Shi ya sa wasa da lele suka zama rabon kakanni, abin da ka gani yana yi da jikansa ke nan. Fulanin wajen Gwandu ma sun fi mu tsanani a nan.

Yanzu bari in karya alkawari. Ka tuna ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kana can? Ruwan nan bai bar mana ko damin shinkafa ɗaya a fadama ba. Da aka koma karatu na kawo maka kuɗin makaranta, ka yi ta yi mini godiya har na ji nauyi. Ba kuɗina ba ne. Shanun huɗarsa guda biyu Yaya ya sayar, ya damƙa mini kuɗin da dare a zaure, ya ce, "Ka kai wa yaron nan, ka ce kai ka ba shi." Damina biyu yana noma da fartanya, da shekarunsa. Kuma duk zuwan da na yi Sakkwato, in na dawo sai ya yi ta kewaye-kewaye, yana tambayar hanya da farashin gero, har sai na gane na ce masa kana lafiya, ba ka rame ba.

Ba zan ce maka addini ne ba. Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya ce wanda ba ya jinƙai ba za a ji ƙansa ba. Don haka naka ɗan ka ɗauke shi, ka kira sunansa, ba ka saɓa wa kowa ba. Ni kaina na yi wa babbar 'yata irin wannan kunya, kuma har ta yi aure tana ganin ƙannenta na fi so. Abin yana ci mini rai har yau.

Amma kada ka tsare Yaya da tambaya. Mutumin da ya haura saba'in bakinsa ba zai koyi sunanka yanzu ba, sai dai ka jefa shi cikin kunya. In ka zo Sallah, ka kawo masa jikan, ka zauna kusa da tabarmarsa bayan la'asar ko da ba za ku ce komai ba. Zancen shanun kuwa, don Allah kada ya ga alamar ka sani.

Ka gaida mai jego.

Baffanka