Me ke sa masu zaɓen fidda gwani a Amurka su sauya gwaninsu cikin 'yan kwanaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina bibiyar siyasar Amurka, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. A zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat a 2020, Joe Biden ya sha kaye a jihohi uku na farko har ana cewa tasa ta ƙare, sai ga shi cikin 'yan kwanaki ya zama shi ne kan gaba. Mutanen da suka ƙi shi a Fabrairu su ne suka dawo suka zaɓe shi a Maris? Me suke dubawa, kuma me ke sa su juyawa da sauri haka? Ko kuɗi ne ke aiki kamar yadda ake zargi a wurin daliget ɗinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da batun kuɗin tunda shi ya fi sauƙi. Kuɗi na aiki a siyasar Amurka, sosai ma, amma aikinsu sayen talla ne a talabijin da ɗaukar ma'aikata da buɗe ofisoshi. A zaɓen fidda gwani na APC a Yunin 2022 daliget dubu biyu da 'yan kai ne suka yanke hukunci, na PDP ko dubu ɗaya ba su kai ba. Adadi ne da ɗan takara zai iya bi ɗaki-ɗaki a otal. A Amurka kuwa talakawan jam'iyya ne, miliyoyi, suke kaɗa ƙuri'a jiha bayan jiha tsawon watanni. Michael Bloomberg, attajirin nan tsohon magajin garin New York, ya kashe sama da dala miliyan 500 daga aljihunsa kafin ranar da suke kira Babbar Talata a 2020, wato 3 ga Maris, ranar da jihohi da yawa suka yi zaɓe tare. Wurin da ya ci shi ne ɗan yankin Samoa ta Amurka kaɗai, washegari ya janye. Biden kuwa kuɗin kamfen ɗinsa ba su kai ko kusa da na Bloomberg ba, amma ya cinye jihohi irin su Massachusetts da Minnesota inda kusan bai yi wani kamfen ba.

Sai gyara ɗaya a tambayarka. Ba mutum ɗaya ne ya ƙi Biden sannan ya dawo ya zaɓe shi ba, domin kowace jiha sau ɗaya take zaɓe. Iowa, inda ya zo na huɗu ranar 3 ga Fabrairu, da New Hampshire, inda ya zo na biyar ranar 11, jihohi ne da kusan duk mazaunansu farar fata ne. A Carolina ta Kudu kuwa, inda ya fara yin nasara, fiye da rabin waɗanda suka fito zaɓen Democrat ranar 29 ga Fabrairu baƙar fata ne, yawancinsu manya masu shekaru, mutanen da suka san Biden tsawon shekara takwas yana mataimakin Obama. Wani ɓangare na abin da ka gani, saboda haka, canjin fili ne kawai. Amma kana da gaskiya cewa an yi sauyi na haƙiƙa, domin a sauran jihohin mutanen da ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna suna tare da wasu ranar Juma'a sun wayi gari Talata suna tare da Biden.

Don ka gane yadda hakan ke faruwa, duba halin da mai zaɓen fidda gwani yake ciki. A babban zaɓe, alamar jam'iyya ta riga ta yi wa yawancin mutane aikin tunani: ɗan Democrat zai bi nasa, ɗan Republican zai bi nasa, ko da bai taɓa sauraron muhawara ba. A fidda gwani duk 'yan takarar 'yan gida ɗaya ne. A 2020 sama da mutum 20 suka fito a Democrat, kuma bambancin manufa tsakanin Biden da Pete Buttigieg da Amy Klobuchar bai taka kara ya karya ba. Mai zaɓe a irin wannan yanayi ba gwani ɗaya yake riƙe da shi a zuciya ba. Yana da mutum biyu ko uku da duk sun kwanta masa, da wani guda da ba ya so ko kusa. Idan mai jin ra'ayi ya kira shi a waya ya ce wa kake so, zai ambaci wanda ke sama a ranar, amma tazarar na farkon da na biyun na iya zama 'yar kaɗan. Sauka daga Klobuchar zuwa Biden ba ya buƙatar mutum ya sauya aƙida.

Abin da ke jera masa sunayen nan kuwa ba so kaɗai ba ne. Yana tambayar kansa ko wanda yake so zai kai labari a cikin jam'iyya, don kada ƙuri'arsa ta tafi a banza. A tsarin Democrat, ɗan takarar da bai kai kashi 15 ba a jiha ko mazaɓa ba ya samun wakili ko ɗaya a wurin, wato daliget ɗin da zai kaɗa masa ƙuri'a a babban taron jam'iyya, don haka wannan lissafi ba wasa ba ne. Yana kuma tambayar wa zai iya kayar da abokin hamayya a babban zaɓen Nuwamba. A 2020 wannan ta biyun ta danne komai. A jiha bayan jiha, tambayoyin da ake yi wa masu zaɓe a bakin rumfa sun nuna mafi yawansu sun fi son wanda zai kayar da Donald Trump a kan wanda ra'ayinsu ya zo ɗaya. To amma waɗannan tambayoyi biyu ba a zuciyar mutum amsarsu take ba, hasashe ne a kan abin da wasu za su yi. Kowane sabon sakamako, kowace janyewa, kowace mubaya'a daga wani babba, labari ne a kan wasu ɗin, kuma shi ke motsa shi.

Akwai wurin da ake ganin wannan da ido. Har zuwa 2020, 'yan Democrat a Iowa ba akwati suke jefa ƙuri'a ba. Da ƙarfe 7 na dare suke taruwa unguwa-unguwa a zauren wasannin makaranta ko ɗakin karatu ko coci, magoya bayan kowane ɗan takara su ware kusurwa guda su tsaya, kusan irin ƙato-bayan-ƙato namu. Sai a ƙirga. Duk rukunin da bai kai kashi 15 na mutanen ɗakin ba, an rushe shi, 'yan cikinsa su zaɓi inda za su koma. Nan za ka ga maƙwabci yana jan hannun maƙwabcinsa, malamar makaranta tana lallashin iyayen ɗalibanta su dawo kusurwarta. Mutum ya shigo da gwani ɗaya, cikin awa guda ya fita an ƙirga shi a na wani, kuma babu wanda zai ce ya ci amana. Abin da ya faru a faɗin ƙasar tsakanin 29 ga Fabrairu da 3 ga Maris shi ne wannan, sai dai babu zaure.

Ga yadda kwanakin suka tafi. Bernie Sanders ya ci New Hampshire, ya ci Nevada da tazara ranar 22 ga Fabrairu, masu sassaucin ra'ayi a jam'iyyar suka tsorata cewa mutumin da ke kiran kansa ɗan gurguzun dimokuraɗiyya zai ɗauki tikiti alhali su sun rarrabu gida huɗu. Sun san ba sa son Sanders, ba su san wa za su taru a kai ba. Ranar 26 ga wata Jim Clyburn, ɗan majalisar wakilai baƙar fata mafi faɗa-a-ji a Carolina ta Kudu, ya fito ya mara wa Biden baya. Ranar Asabar a Carolina ta Kudu Biden ya samu wajen kashi 48, Sanders wajen 20. Lahadi Buttigieg ya janye, Litinin Klobuchar ta bi, daren ranar kuma su biyun suka bayyana a Dallas suka yi wa Biden mubaya'a. Talata aka yi zaɓe a jihohi 14, Biden ya ci 10. A Virginia kusan rabin masu zaɓe sun ce a kwanakin ƙarshe suka yanke shawara, kuma mafi yawansu Biden suka bi. Babu wata sabuwar manufa da Biden ya fito da ita a kwana ukun nan. An dai amsa wa mutane tambayar da ke damunsu ne, wato a ina sauran za su taru. Ka tuna yadda janyewar Aminu Tambuwal a filin taron PDP a Mayun 2022 ta karkata ƙuri'u zuwa Atiku Abubakar. Bambancin shi ne Tambuwal da daliget yake magana kai tsaye, Klobuchar kuwa ba ta da ikon umartar kowa, ishara kawai ta yi, mutanen jiharta ta Minnesota suka ɗauka don kansu.

Misalin 2008 ya fi wannan fitowa fili. A ƙarshen 2007 ƙuri'un jin ra'ayi da dama sun nuna Hillary Clinton tana gaban Barack Obama a tsakanin baƙaƙen fata 'yan Democrat. Ba ƙin Obama suke ba, yawancinsu ba su yarda farar fata za su zaɓi baƙi ba ne, kuma ba sa son asarar ƙuri'a. Da ya ci Iowa ranar 3 ga Janairun 2008, jihar da baƙar fata ba su da yawa, shakkar ta kau. Ranar 26 ga wata ya samu wajen kashi 55 a Carolina ta Kudu, da kusan kashi 80 na ƙuri'un baƙar fata. Hatta John Lewis, gwarzon gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe da ya riga ya yi wa Clinton mubaya'a, ya sauya zuwa Obama a Fabrairu.

Akwai wani nau'in sauyin da ya bambanta da wannan, shi ne na yayi, wanda ake gani tun kafin a fara kaɗa ƙuri'a. 'Yan Republican a 2011 sun nuna shi ƙarara. Mitt Romney ya tsaya a wajen kashi 25 a ƙuri'un jin ra'ayi wata da watanni, sauran jam'iyyar na neman wanda ya fi shi ra'ayin riƙau. Suka gwada Michele Bachmann, suka koma Rick Perry gwamnan Texas, sai Herman Cain, sai Newt Gingrich, daga ƙarshe Rick Santorum wanda ya ci Iowa da ratar ƙuri'a 34. Kowannensu hanya ɗaya ya bi: jaridu su gano shi, sunansa ya cika gari, alƙalumansa su tashi, sannan 'yan jarida da abokan hamayya su shiga tonon silili, ya faɗo. Masu goyon bayan nan ba su san mutumin sosai ba tun farko, sunan da suka ji a makon suka ambata. Abin da nake so ka lura da shi a nan, mutane sun fi tuna daren Nuwamba da Perry ya tsaya a muhawara yana laluben sunan ma'aikata ta uku da ya ce zai rushe. Amma alƙalumansa sun riga sun zube tun Satumba, lokacin da ya kare bai wa 'ya'yan baƙin haure rangwamen kuɗin jami'a a Texas, abin da ya ɓata wa 'yan jam'iyyarsa rai. Haka Howard Dean, ɗan takarar Democrat a 2004: ihun da aka yi ta maimaitawa a talabijin ya yi shi ne bayan ya riga ya zo na uku a Iowa. Ana yawan ɗora wa tuntuɓen harshe laifin da ba nasa ba.

Duk wannan ba ya aiki a kan ɗan takarar da mutane suka riga suka sani ciki da bai. Trump a 2016 ya shigo da suna, magoya bayansa kuma ba su da na biyu a zuciya. A Carolina ta Kudu ya samu wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u amma ya kwashe wakilai 50 gaba ɗaya, saboda dokokin Republican sun fi fifita wanda ya zo na ɗaya, abokan takararsa kuma kowa ya ƙi janye wa ɗan'uwansa sai da aski ya zo gaban goshi. Jeb Bush, wanda ƙungiyar da ke tallata shi ta tara sama da dala miliyan 100, a daren ya ajiye takara. A 2023 ma, da aka fara gurfanar da Trump a kotu, goyon bayansa a jam'iyya ƙaruwa ya yi, Ron DeSantis ya yi ta zamewa har ya janye a Janairun 2024.

Idan ka tambaye ni ko wannan hali na masu zaɓe hikima ne, zan ce rabi da rabi. Mutumin da ke da aiki da iyali ba zai zauna ya karance manufofin mutum 20 ba, don haka dogaro da sakamakon wasu jihohi da maganar wanda ya yarda da shi hanya ce mai ma'ana. Matsalar tana wurin hasashen wa zai iya cin babban zaɓe. Kowa na zaɓar wanda yake zaton maƙwabcinsa zai yarda da shi, maƙwabcin shi ma haka yake yi, sai zaton ya tabbatar da kansa ba tare da an gwada shi ba. Elizabeth Warren ta ɗanɗana wannan: mutane da yawa sun ce suna sonta amma suna tsoron ƙasar ba za ta zaɓi mace ba bayan abin da ya sami Clinton a 2016, ta ƙare ta uku a jiharta ta Massachusetts. Hasashen kuma ba kullum yake cin gaskiya ba. An ɗauki John Kerry a 2004 da Romney a 2012 a kan su ne za su iya, duka biyun suka faɗi. Na Biden ya yi daidai a 2020.

Su kansu 'yan siyasar sun san cewa jihar da ta fara zaɓe tana saita tunanin sauran, shi ya sa ake rigima a kan jadawali. Bisa buƙatar Biden, jam'iyyar Democrat ta sauke Iowa ta sa Carolina ta Kudu a gaba a 2024. New Hampshire, wadda dokar jiharta ta wajabta mata zama ta farko, ta ƙi bin umarnin ta yi nata ranar 23 ga Janairu. Biden bai sa sunansa a takardar zaɓen ba, magoya bayansa suka rubuta shi da hannu, kuma ya ci.