Charmula a cikin kifi take zama, ba a bayansa ba

Sani, na ga saƙonka tun da asuba, wai jiya da ba na shago ka gwada suyar sadin irin ta Maroko, man ya yi baƙi ƙirin, kifin ya dagargaje a kasko ga kuma ɗaci, kana tambaya ko kifin ne ba kyau. Toh kifi bai da laifi, hannunka ne. Ko ban gani ba na san me ka yi, ka damalmale shi da charmula, wato haɗin yajin nan na 'yan Maroko, ciki da waje ka jefa a mai, ko ba haka ba?

Ka duba me ke cikin charmular nan, ɗanyen ganyen koriyanda ne da 'yan Maroko suke ce wa ƙasbur, da ganyen fasili (parsley), da tafarnuwa, kamun (cumin), garin jan tattasai, barkono kaɗan, gishiri, ruwan lemon tsami sai ɗan man zaitun. Yawancin abin da na lissafa ba ya jure zafin mai, tafarnuwa da garin tattasai kafin ka ƙifta ido sun ƙone, kuma ɗacin da ka ji kenan. Shi ya sa mutanen bakin teku can, su Safi da Agadir da Sawira, ba sa barin haɗin a waje. Cire kan suke, su tsaga cikin da babban yatsa, ko wuƙa ba sa nema saboda naman laushi gare shi, su zare ƙayar tsakiya kifin ya buɗe kamar littafi, sai a shafa charmula a kan naman ɗaya a kifa wani a kai, fata tana waje ta kowane ɓangare. Har ma'aurata ake ce musu, tunda bibbiyu suke shiga mai. Kaga yajin yana tsakiya yana dahuwa da tururin kifin, mai bai taɓa shi ba.

Sai maganar ruwa, wadda kullum nake maka faɗa a kai kana ganin kamar mita ce. Lokacin da nake koyon aikin nan a Agadir kifin da safe yake fitowa daga jirgi, idonsa garau, jikinsa a tsaye, amma duk da haka maigidana sai ya sa na tsane shi a kwando na goge da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Balle mu nan da na ƙanƙara muke samu, shawa ce ma yawanci, in ya narke ruwa yake ta fitarwa. In ba ka goge ba fulawar ta zama kunu, mai ya yi ta fallatsi, ma'auratan su rabu tun ba a je ko'ina ba. Kuma lemon tsami kar ka cika, kar kuma ka bar shi ya kwana a ciki, tsamin yana dafa naman ya saki, minti 30 zuwa awa ɗaya a firij ya isa.

Af, kuma ranar nan na ji kana ce wa kwastoma titus muke soyawa. Titus na kasuwar kifi daban ne, babba ne mai kauri, ba ya yin wannan aikin. Sadin ɗin gwangwani mai suna Titus shi ne ainihin irin kifin, kuma in ka juya gwangwanin za ka ga daga Maroko yake, ba ƙasar da ta kai su fitar da sadin na gwangwani a duniya.

Fulawa sai kana dab da sakawa, ka barbaɗa ka kakkaɓe, ba riga za ka ɗinka masa ba. Mai ya yi zafi sosai, wajen digiri 180 na Celsius in kana da ma'auni, in babu jefa ɗan gari ka ga ya taso nan take. Kar ka cika kaskon, guda huɗu ko biyar, ka kuma cire hannunka!! Minti 2 zuwa 3 ka juya sau ɗaya tak da matsami, wannan juye-juyen naka kamar mai suyar gyaɗa shi ke farfasa shi.

Man jiya ka zubar kar na ganshi. Gobe in Allah ya kaimu ka zo da wuri ka gyara kilo 2, ka biya ka sayo burodi da lemon tsami, ni kujera zan ja na zauna ina kallonka.