Ga ƴar'uwar da ke zabura in barci ya fara ɗaukarta

Ƴar'uwa, da na karanta cewa barci na fara fizgarki sai ki zabura kamar kin faɗa rijiya, har kina tsoron ko iska ce, wallahi sai da na yi ƙwalla. Abin nan ya same ni ina jegon fari, a gidan surukai can Bagalam.

Uwar mijina ce ta ga na zabura ina gyangyaɗi da jariri a cinya. Kafin la'asar duk gidan an ji wai farfaɗiya gare ni, iyayena suka ɓoye. Aka ware mini kwano da moɗa. Ranar da ƙanwar mijina ta ɗauki moɗata za ta ɗebi ruwa a randa, matar nan ta buge mata hannu a gabana, ta ce so kike ki ɗauka? Ta sa aka yi ta turara ni da hayaƙi har idanuna suka kumbura, kuma da kuɗin barkata aka biya mai maganin. Har yau ko sannu ba ta ce mini ba. Ita kanta farfaɗiyar ba a ɗaukarta ta miyau ko kwano, zaluntar masu ita kawai ake yi.

Wata unguwarzoma ce ta kwantar mini da hankali ranar awon yaro. Ta ce a daidai shiga barci jiki na saki, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama lafawa ba, sai tsoka ta fizga sau ɗaya, shi ke nan. Yawancin mutane suna yi, ba ciwo ba ne. Rashin barci da gajiya da damuwa ke ƙara shi, sai goro da shayi da Nescafé. Ni kuwa lokacin goro nake ci don in iya raino da dare.

Ki bar goro da shayi daga la'asar, ki ajiye waya in kin kwanta, ki yi addu'arki. Don Allah kada ki sayi ƙwaya wurin masu yawo da magani a tire, musamman tramol, shi da kansa yana kawo fizga. In kuwa ana ce miki kina cizon harshe, ko fitsari ya kuɓuce miki, ko jikin na fizga ido biyu, to ki tafi asibiti, kada ki tsaya jira. Kuma ki yi maganar da maigidanki kaɗai tukuna, kada ta riga ki zuwa kunnen danginsa.